Ido Ba Mudu Ba Ne: Yadda Launi Ke Ɓacewa Tsakanin Allo da Takarda

Ranar Litinin da la'asar, Hajiya ta ajiye albam ɗin bikin a kan teburin shagon, ta buɗe shafi na uku, ta ɗora yatsa a kan fuskar amarya.

"Malam, wannan 'yar wa ce?"

Mai hoton ya sunkuya ya duba, ko da yake ya riga ya san abin da zai gani. Yarinyar da ya ɗauka ranar kamu wankan tarwaɗa ce. Wadda ke kan takarda kuwa ta yi jajir, kamar wadda ta wuni a bakin murhu. Lallen hannunta ya haɗe da fata har ba a gane zanen. Babbar rigar ango, wadda kowa ya gani ruwan toka ce, ta koma wani irin ja mai duhu da ba shi da suna.

"Hajiya, a yi haƙuri. Na'ura ce ta ba ni matsala."

"Ni ban ba na'ura aiki ba, ɗana. Kai na ba."

Ta ce ranar Lahadi za a kai wa dangin ango nasu albam ɗin, idan bai gyaru ba kafin nan ya mayar mata da kuɗinta. Ba ta ɗaga murya ba. Ba ta kuma buƙaci ta tuna masa cewa ita ce yayar uwar amarya, kuma akwai sauran 'yan mata uku a gidan da ba a aurar ba.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne, wannan ne aiki na farko da ya buga bayan ya kashe kuɗi domin kada irin haka ta sake faruwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana wannan sana'a a wani ɗan shago a Kano, da firinta mai tawada shida, irin mai tankuna a gefe da ake ɗura wa tawada daga kwalba. Duk tsawon shekarun da ido yake aiki. In hoto ya fito da kore, ya ƙara masa ja. In ya yi duhu, ya haska shi a kwamfuta har ya zama kamar an wanke shi, sannan ya sake bugawa. Kowane aiki sai ya ci takardar gwaji uku ko huɗu. Da takarda da tawada suka yi tsada, sai wani abokin sana'a ya haɗa shi da wani mutum a Legas mai na'urar awon launi, wanda ke haɗa wa masu hoto abin da ake kira furofayil: ɗan ƙaramin fayil da ke sa abin da ke fitowa a takarda ya yi daidai da abin da ke cikin hoton. Ya biya, ya bi umarni, fayil ya iso ta imel. Da dare ya buga shafi arba'in cikin gaggawa, yaron shago ya manna su da safe, ga kuma abin da ya fito.

Mudu da kilo

Kafin a fahimci inda aikinsa ya karkace, sai an san abin da furofayil yake yi.

Kowane ɗigo a hoton kwamfuta lambobi uku ne: na ja, na kore, na shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Mutane da yawa sun ɗauka waɗannan lambobi su ne launin. A gaskiya umarni ne kawai ga na'ura: kunna ja kaza, kore kaza, shuɗi kaza. Launin da zai fito ya danganta ga na'urar da aka ba umarnin. Wanda ya taɓa awon gero a Dawanau ya kuma auna a kasuwar ƙauye ya san cewa mudu suna ɗaya ne, ciki ne daban-daban. Idan aka ce "mudu uku" ba a faɗi na wace kasuwa ba, ba a gama magana ba. Haka lambobin launi suke. Allo biyu da aka ba lambobi ɗaya ba za su nuna ja iri ɗaya ba, balle a kai ga takarda, inda dokar ta juya gaba ɗaya: allo yana haɗa launi ne da hasken da yake fitarwa, takarda kuwa ba ta da haske nata, tawada ce ke shanye wani ɓangare na hasken ɗaki ta mayar wa ido sauran.

Maganin rikicin mudu shi ne kilo, wato ma'aunin da ba na kowace kasuwa ba. A fagen launi an samu irin wannan ma'auni a 1931, lokacin da hukumar duniya mai kula da ilimin haske, CIE, ta fitar da tsarin auna launi bisa yadda idon ɗan Adam ke gani. An gina shi a kan gwaje-gwajen da wasu masana biyu, David Wright da John Guild, suka yi a Ingila da idanun mutum 17 kacal. A 1976 hukumar ta fitar da wani tsarin da aka samo daga na farkon, wanda ake kira Lab, mai bayyana kowane launi da lambar haskensa, da matsayinsa tsakanin kore da ja, da matsayinsa tsakanin shuɗi da rawaya. Sai a 1993 kamfanoni takwas, cikinsu har da Adobe da Apple da Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC domin a amince da fasali ɗaya na fayil da zai riƙa fassara mudun kowace na'ura zuwa kilo. Wannan fayil shi ne furofayil.

Yadda ake haɗa na firinta ba shi da wuyar fahimta. Ana buga takardu masu ɗaruruwan gidajen launi, jere kamar gurbin dara, kowane gida da lambobinsa sanannu. A bar su su bushe. Sai a bi su ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo, wadda ke haska kowane gida ta auna hasken da ya dawo. Daga nan manhaja ta gina jadawali mai fuska biyu: idan aka ba wannan firinta waɗannan lambobi, ga launin da ke fitowa, idan kuma ana son wannan launi, ga lambobin da za a ba ta.

A nan ne mafi yawan masu matsala ke yin kuskuren fahimta. Furofayil ba ya gyara firinta. Shaida ce da aka ɗauka rana ɗaya a kan abubuwa huɗu a haɗe: wannan firinta, da wannan tawada, a kan wannan takarda, da wannan saiti. Marinan Ƙofar Mata sun san wannan tun kafin a yi kwamfuta: rami ɗaya na baba, in aka tsoma saƙi aka kuma tsoma shadda, shuɗi biyu ake cirowa, kuma ramin jiya ba shi ne na yau ba. Muddin ɗaya daga cikin huɗun nan ya canja, shaidar ta zama labarin wata na'ura da babu ita yanzu. Saboda haka duk binciken matsalar furofayil tambaya ɗaya ce ake yi ta fuskoki daban-daban: me ya canja tsakanin ranar da aka auna da ranar da aka buga?

Tafinta biyu

A daren Litinin hannunsa ya riga ya kai ga tsohuwar ɗabi'a. Ya buɗe hoton amarya, ya fara rage ja. Sai ya tsaya. Idan ya rage ja har fuskar ta daidaita a takarda, to a allo za ta koma koriya, kuma ya lalata asalin hoton domin ya ɓoye wani aibi da bai san inda yake ba. Ranar da ya gano aibin ya gyara, duk shafi arba'in sai ya sake su. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Ya rufe hoton bai adana canjin ba.

Maimakon fuskar amarya, ya ɗauko hoton gwaji da mutumin Legas ya haɗo masa da fayil ɗin: fuskoki masu fata kala-kala, sararin sama, ganyaye, da wani tsani na ruwan toka daga fari fat zuwa baƙi ƙirin. Amfanin irin wannan hoto shi ne an riga an san lafiyarsa ƙalau, don haka duk abin da ya fito ba daidai ba daga wajen bugu yake. Tsanin toka ne ya fi tona asiri, domin firinta irin tasa tana haɗa toka ne daga tawada da dama, kuma da zarar ɗaya ta rinjayi sauran sai tokar ta ɗauki launinta.

Ya buga. Tsanin ya fito ja-ja, ya kuma yi duhu fiye da kima. Sai ya koma ga akwatunan da ke fitowa kafin a danna bugu, ya karanta su a natse kamar bai taɓa ganinsu ba. A Photoshop ya zaɓi cewa manhajar ce za ta kula da launi, ya kuma zaɓi sabon furofayil. Wannan daidai ne. Amma a cikin manhajar firintar kanta, a wani shafi da ba ya yawan buɗewa, gyaran launi na kamfani yana nan a kunne kamar yadda yake shekara da shekaru.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa. Photoshop ta riga ta fassara hoton zuwa lambobin da firintar ke buƙata, sai manhajar firinta ta karɓi waɗannan lambobi ta ɗauka ɗanyen hoto ne, ta sake fassara su. Kamar a samu tafinta ya juya magana daga Larabci zuwa Hausa, sai wani tafintan ya karɓi Hausar a matsayin Larabci ya sake juya ta. Sau da yawa alamar hakan ita ce hoto ya rinjayu zuwa ja mai ɗaukar shunayya. Akasinsa ma yana faruwa: idan aka kashe duka biyun, babu mai fassara ko ɗaya, hoto kan fito da duhu da ɗan kore. Doka ɗaya ce, a bar tafinta guda.

Ya kashe na firinta, ya sake bugawa. Jan ya tafi. Ya yi hamdala, amma da ya kai takardar ƙarƙashin fitila sai ya ga tsakiyar tsanin ya koma kore-kore, fuskokin kuma sun yi wani fari-fari na marar lafiya. An gudu ba a tsira ba.

Hunturu a bakin feshi

Da safiyar Talata ya yi abin da ya kamata ya fara da shi tun farko: ya sa firintar ta buga zanen gwajin ƙofofin feshi. Kan firinta yana da jerin ƙofofi masu yawa ga kowace tawada, kowace ta fi gashi siranta, kuma zanen gwajin yana nuna layi ɗaya ga kowace ƙofa. A biyar daga cikin launukan layukan sun cika. A na shida, wato jan nan mai sauƙi da ke ba fatar mutum jininta, akwai giɓi kamar haƙoran tsoho.

Dalili a fili yake. Watan Janairu ne, iska ta bushe, ƙura ta cika gari, kuma firintar ta yi kwanaki a ajiye yana jiran fayil daga Legas ba ya son ɓata takarda. Tawada ta daskare a bakin wasu ƙofofin. Da ja ya ragu, kishiyarsa kore ya samu fili. A daren farko fassara biyun ce ta lulluɓe wannan aibi da wani aibin da ya fi shi girma, shi ya sa sai da aka cire na sama aka ga na ƙasa. Haka matsalolin launi suke zuwa, a goye da juna, kuma shi ya sa ba a canja abu biyu a lokaci ɗaya. Wanda ya juya saiti uku ya buga, ko da ya dace, bai san wanne ya yi maganin ba.

Ya wanke kan firintar sau biyu, ya bar ta ta huta, ya sake gwadawa har layuka suka cika. Da a ce giɓin yana nan ranar da ya buga takardun awo, da furofayil ɗin kansa ya lalace, domin da ya auna gurguwar firinta ya ɗauka haka halittarta take. Ya yi sa'a ya ajiye zanen gwajin waccan ranar a aljihun tebur, kuma lafiyarsa ƙalau.

Bugu na uku ya fi na biyu nesa ba kusa ba. Amma har yanzu akwai saura. Farin mayafi ya yi ruwan madara, ganyaye sun yi kore mai kaifi, fata mai duhu ta ɗauki launin ƙasar gini. Wanda bai san aikin ba zai iya cewa ya isa. Hajiya ba za ta ce ba.

Kwalbar rawaya

Ya kira Legas. Mutumin bai nemi ganin hoto ba, tambayoyi ya jero. Takardun awon, an buga su ba tare da wani gyaran launi ba? Wannan tambaya tana da muhimmanci, domin tun fitowar Photoshop CS5 a 2010 babu zaɓin kashe kula da launi gaba ɗaya a akwatin bugunta, sai dai a yi amfani da wata ƙaramar manhaja ta kyauta da Adobe ta fitar domin wannan aiki. Ya ce da ita ya buga. Nau'in takardar da ya zaɓa a manhajar firinta, shi ne dai wanda ya zaɓa ranar awo? Wannan zaɓin ne ke ƙayyade yawan tawadar da za a zuba, don haka canja shi kamar canja firintar ne. Ya duba, shi ne. Takardar daga kwali ɗaya take? Daga ɗaya. Tawada fa?

"Tawada ɗaya ce," in ji shi.

Yaron shago, da ke yankan hotunan fasfo a gefe, ya ajiye almakashi.

"Oga, ran da ka je Zariya rawaya ta yi ƙasa. Na je wajen mutuminmu ya ce babu irin tamu, ya ba ni wata ya ce duk ɗaya ne. Na ɗura."

Ya ɗauko kwalbar daga bayan kanta. Rawaya ce, ba shakka. A ido babu mai raba ta da tsohuwar. Amma kamfani daban ne ya haɗa ta, da sinadarin rini daban, kuma yadda take shanye haske daban. Tana shiga cikin kowane kore, kowane ja, kowace fata, kowace toka. Furofayil ɗin da ya biya kuɗi a kansa yana ba da shaida ne a kan rawayar da ta ƙare mako guda da ya wuce.

Bai yi wa yaron faɗa ba. Shekara goma sha ɗaya shi ma haka yake yi, duk tawadar da ta samu ya ɗura, ido ya gyara sauran. Bai taɓa gaya wa yaron cewa dokar ta canja ba, domin shi kansa sai yanzu ya gane ta canja.

Hanya biyu ce: ko ya nemo tsohuwar rawayar, ko ya sake awo da sabuwar. Tsohuwar ta yanke a kasuwa. Ya sayi kwalabe da dama na sabuwar domin kada ta yanke masa ita ma, ya zuƙe gaurayen da ke cikin tanki, ya cika da sabuwa zalla, ya yi ta buga shafukan rawaya har ya tabbata tsohuwar ta fita daga bututu. Ya sake gwajin ƙofofi. Da azahar ɗin Talata ya buga sababbin takardun awo.

Nan jarrabawa ta zo. Motar Legas tana tashi da yamma, kuma takardun sun bushe a taɓawa. Amma tawada irin tasa tana ci gaba da zama cikin takarda sa'o'i bayan bugu, launinta yana ɗan motsawa, shi ya sa masu wannan aiki ke cewa a bar takardun awo su yi kwana ɗaya cur a buɗe kafin a rufe su ko a auna. Idan ya aika yau ya ci ribar kwana guda, ya kuma jefa awon cikin shakka. Ya shimfiɗa su a kan kabad, ya kifa kwali a sama ba tare da ya taɓa su ba saboda ƙura. Sai yammacin Laraba suka bi mota.

Abin da furofayil ba zai yi ba

Kwana biyun jira ya yi su yana gyara abubuwan da ba ruwan firinta da su.

Na farko allonsa ne. Kukan da masu hoto suka fi yi shi ne bugu ya fi allo duhu, kuma galibi allon ne ya yi haske da yawa. Ana sayar da allo a kunne kusan ƙarshen ƙarfinsa domin ya yi kyau a kanti, alhali masu shirya hoto domin bugu kan sauke shi zuwa tsakanin 80 da 120 a ma'aunin haske na kandela. Wanda ke gyara hoto a allo mai ƙyalli yana ganin inuwa a buɗe, sai ya bar ta, a takarda kuma ta toshe. Ba shi da na'urar daidaita allo, amma ya buɗe farin shafi, ya riƙe farar takardar hoto a gefe, ya yi ta rage hasken har suka yi kusa da juna.

Na biyu fitilar shagon. Duk matar da ta taɓa sayen yadi a Kantin Kwari ta san dalilin da ya sa ake fito da atamfa da mayafi bakin ƙofa kafin a biya: abu biyu kan dace a ƙarƙashin fitila, su saɓa a rana. Tawada ma haka take. Furofayil yana ɗauka cewa za a kalli hoton a wani ƙayyadadden haske da ake kira D50, mai kama da hasken rana, kimanin 5000 a ma'aunin Kelvin. Fitilarsa mai araha ce, fara mai shuɗi-shuɗi. Ga kuma wata rikitarwar: yawancin takardun hoto masu sheƙi ana sa musu sinadarin da ke mayar da hasken da ido ba ya gani zuwa shuɗi, domin su yi fari tas, kwatankwacin abin da bula ke yi wa farar riga. Irin wannan takarda farinta yana canjawa daga haske zuwa haske. Ya yanke shawarar daga yau a bakin taga zai riƙa yanke wa bugu hukunci, da rana.

Na uku babu mai gyara shi. Leshin da amarya ta sa ranar walima shuɗi ne mai tsananin kaifi, irin wanda allo ke iya nunawa amma babu haɗin tawadar da zai kai shi a takarda. Kowace na'ura tana da iyakar launukan da take iya fitarwa. Abin da furofayil ke bayarwa shi ne zaɓin yadda za a yi da waɗanda suka wuce iyaka: ko a bar duk launukan da ke cikin iyaka a inda suke a datse masu wuce gona da iri, ko a matsa duka kaɗan-kaɗan domin dangantakarsu ta tsira. Na farko ya fi riƙe gaskiyar fata, na biyu ya fi riƙe zanen da ke jikin leshi. Photoshop tana iya kwaikwayon takardar a allo ta amfani da furofayil ɗin, sai mutum ya ga asarar tun kafin ya ɓata takarda, ya zaɓi wadda zai iya ɗauka.

Fuskar wa?

Sabon fayil ya iso daren Alhamis. Ya ba shi suna mai ɗauke da nau'in takarda da tawada da kwanan wata, ya goge tsohon domin kada hannu ya kai gare shi. Tafinta ɗaya, ƙofofi a buɗe, saiti iri ɗaya. Da safiyar Juma'a ya kai hoton gwaji bakin taga. Tsanin toka ya sauka daga fari zuwa baƙi ba tare da ya karkata ko'ina ba. Ya buga amarya, bai taɓa komai a hoton ba, ta fito wankan tarwaɗa, zanen lallenta a fili.

Hajiya ta zo ranar Asabar. Ta ɗauki shafin, ba tare da an ce mata komai ba ta nufi bakin ƙofa, ta daɗe tana kallo.

"Ita ce," ta ce. Sai kuma ta ciro wayarta ta buɗe hoton da ƙawayen amarya suka ɗauka, inda fuskar ta yi fari sol. "Amma Malam, ba za a ɗan haska ta ba?"

Wannan tambaya ba ta da amsa a cikin jadawali, kuma ta girmi kwamfuta. Daga shekarun 1950 ɗakunan wanke hoto sun riƙa daidaita injinansu ne da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley. Idan fuskarta ta fito daidai, an ɗauka komai ya daidaita. Lorna Roth, wadda a lokacin malama ce a jami'ar Concordia da ke Kanada, ta nuna a bincikenta na 2009 cewa daga cikin abubuwan da suka sa aka inganta yadda fim ke ɗaukar launuka masu duhu har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata masu fata daban-daban. Na'urar awo ta yau ba ta da irin wannan son kai, gidan ruwan ƙasa da gidan ruwan hoda duk awo ɗaya take yi musu. Sai dai tana tsayawa ne a nan. Ta ba mai hoto ikon fitar da fatar mutum yadda take, ba ta hana shi canja ta ba.

Bambancin da ya samu shi ne yanzu ya san abin da yake yi. A da in amarya ta fito da haske ko duhu, bai iya rantsuwa ko shi ne ya yi ko na'ura. Ya ce wa Hajiya ta zauna. Ya haska fuskar kaɗan, ya buga, ya miƙa mata duka biyun.

Ta sake komawa bakin ƙofa, ɗaya a kowane hannu.

"Wannan ta fi kyau," ta ce, tana ɗaga mai hasken. Ta yi shiru. Sai ta ɗaga ɗayar. "Wannan kuma uwarta ce sak ranar nata auren. A bar albam ɗin haka. Waccan ka yi mini babba guda ɗaya, ta bango."

Da ta tafi, ya yanko farar takarda ya rubuta kwanan wata, sunan tawada shida, nau'in takarda, da saitin da za a zaɓa. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya: kada a ɗura komai sai an tambaya. Ya manna ta a murfin firintar da salatif, ya kira yaron ya ce ya karanta da ƙarfi.